Kafin Ki Tambayi Na'urar, Ummi

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, kin sauka Legas lami lafiya, gajiyar mota ta sake ki. Allah ya tsare ki a zaune da a tafe, ya haɗa ki da mutanen kirki a inda idonmu ba ya kaiwa, ya sa wannan aiki ya zame miki alheri.

Na san za ki yi mamakin tsintar takarda a cikin jakarki, alhali jiya-jiyan nan muna zaune tsakar gida muna gyaran wake, ban ce miki komai ba sai "ki duba ko kin ɗauki cajarki." Ke 'yar fari ce, ga shi kin ci sunan kakarki, ni kuwa an tashe ni a kan cewa uwa ba ta sakin baki da 'yar fari. Shekara ashirin da bakwai ina surutu a gaban allo, amma da na zo gabanki da maganar da ke raina sai ta tsaya min a wuya. Biro shi ba ya jin nauyin kowa. Ki yi haƙuri da tsawonta.

Maganar salla da tsare mutunci babanki ya riga ya yi miki, kuma na san tarbiyyar da muka ba ki. Tawa maganar a kan aikinki ce, rubuta manhajar kwamfuta, da kuma wannan ƙirƙirarriyar basirar da kuke ce wa AI, ni kuma nake ce mata na'ura, wadda ke rubuta muku kod, wato layukan umarnin da manhaja ke bi, idan kun tambaye ta. Za ki ce me Mama ta sani a kan kod? Ban san komai ba. Malamar lissafi ce ni. Amma na san yadda mutum yake koyo, na kuma san yadda yake yin kamar ya koya, domin duka biyun na yi su da hannuna.

Bari in tuna miki abin da ya faru bara. Ba fama miki ciwo nake so in yi ba, akwai abin da ni na gani ran nan wanda ban taɓa faɗa miki ba.

Kin gama bautar ƙasa kina zaune a gida. Shugaban makarantarmu yana ta ƙorafin yadda haɗa sakamakon ɗalibai ke cinye mana mako biyu kowane zango, ni kuma bakina ya ƙi shiru, na ce ai 'yata kwamfuta ta karanta. Cikin kwana biyar kika haɗa mana manhaja. Ina wucewa ta bayanki ina kallo: ki rubuta wa na'urar abin da kike so da Turanci, ita kuma ta zubo miki layuka kamar an buɗe famfo, ki kwashe ki liƙa. Ranar da kika nuna wa malamai, har tafi aka yi. Na dawo gida kaina ya kumbura, na kira ƙanwata a Garam na ba ta labari tun ba ta tambaya ba.

Aka raba katin sakamako ranar Alhamis. Ranar Litinin da hantsi, muna ofishin malamai muna tattara takardu kafin mu tafi hutu, sai ga Malam Musa mai walda daga Madalla, riƙe da kati a hannu, 'yarsa Aisha tana biye da shi idanunta sun kumbura.

Ya ce, "Malama, ke ce mai ajinsu, ki gaya min gaskiya. Yarinyar nan tun firamare ba ta taɓa wuce ta biyar ba. Yanzu an rubuto wai ta maimaita aji. Kullum sai ta hau mota biyu kafin ta iso nan. In wasa ta fara, na ce mata gara ta zauna a gida ta taya uwarta aiki."

Yarinyar ta ce, "Wallahi Malama na yi karatu."

Na buɗe littafina na maki, wanda nake cikewa da hannu. Saba'in da takwas ta ci a lissafi. A katin kuwa talatin da ɗaya aka buga. Nan take na tuna Aisha Musa biyu ne a ajin. Mu muna ce musu Aisha Doguwa da Aisha Ƙarama. Manhajar ba ta san da doguwa ko ƙarama ba, da suna kawai take gane yaro, sai ta ɗauke su mutum ɗaya, makin wadda aka shigar daga baya ya danne na ta farkon.

Na roƙi Malam Musa ya ba ni mako guda kada ya yanke hukunci. Na dawo gida na same ki, na ce, "Ummi, nuna min wurin da manhajar take bambanta wannan yaro da wancan."

Kika buɗe layukan a kwamfuta, kika hau sama, kika sauko ƙasa, kika sake hawa. Can kika ce, "Mama, bari in tambaye ta."

Na'urar ta ba ki haƙuri da ladabi, ta ba ki sabbin layuka. Kika liƙa. Aisha biyu suka rabu, amma sai jerin na ɗaya da na biyu na ajin gaba ɗaya ya birkice. Kika sake tambaya, ta sake ba da haƙuri, ta gyara wannan, makin 'yan aji uku ya ɓace. Haka kuka yi ta yi tun azahar har aka kira la'asar. Daga nan kika rufe kwamfutar a hankali, kika ce, "Mama, ni fa ban san abin da ke ciki ba. Sunana ne kawai a kai."

Na tashi na shige kicin ban ce miki uffan ba. Na san kin ɗauka fushi na yi. Wallahi ba fushi ba ne, Ummi. Kaina na gani a kan kujerar nan, na kasa tsayawa.

Ina 'yar shekara ashirin da biyu aka tura ni koyarwa Gawu Babangida, wurin aikina na farko. Takardata ta nuna na ci lissafi da kyau, amma gaskiyar magana haddace hanyoyi na yi, na zuba a jarrabawa, na fito. Akwai wani dattijon malami a makarantar, Mista Bitrus, mutumin Filato, ya shekara da shekaru yana koyar da lissafi. Da ya ga na zo a tsorace, sai ya ara min littafinsa na shirin darasi. Komai yana ciki: misali, mataki-mataki, amsa. Kullum da safe in kwafe a allo, yara su kwafe a littafi, a tashi. Zango guda na yi haka, har mai duba makarantu ya zo ya yaba tsabtar allona.

Wata rana muna raba lamba da ɓangare. Na rubuta uku a raba da rabi, na ce a juya na biyun a ninka, amsa shida. Wata yarinya mai suna Ladi, 'yar wani manomin doya, wadda ke zama a layin gaba, ta ɗaga hannu.

Ta ce, "Malama, me ya sa ake juyawa? Kuma ya aka yi aka raba uku, amma ya ƙaru ya zama shida? Ni na san in an raba abu raguwa yake yi."

Na duba littafin Mista Bitrus. Babu wannan a ciki, don shi a kansa take, bai ga dalilin rubutawa ba. Yara arba'in da wani abu suka zuba min ido. Kin san abin da na yi? Na ce mata ba ta da kunya, tana so ta gwada malamarta. Na sa ta durƙusa a gaban aji har aka kaɗa ƙararrawa.

Ajin Mista Bitrus bango ɗaya ne da nawa, kuma bangon bai kai rufi ba. Ya ji komai. Da aka tashi ya same ni a gindin mangwaron makaranta, ya miƙo hannu ya ce, "Malama Rabi, ba ni littafina."

Na ce, "Mista Bitrus, laifin me na yi?"

Ya ce, "Ni ne na yi laifi. Na ɗauka taimakonki nake yi, ashe cutarki nake. Kayan aro ba ya rufe katara."

Ranar kasuwa ce. Ya aika aka sayo rake sanda uku, ya ajiye a gabana da wuƙa, ya ce, "Ki ba kowane mutum rabin sanda. Mutum nawa za su samu?"

Na yanka, na ƙirga. Shida. Ummi, ina da takardar shaidar malanta a akwati, amma sai ran nan, a gindin mangwaro da wuƙa a hannu, na san ma'anar abin da nake koyarwa. Kunya ta kama ni har na kasa shan raken.

Daga ranar ya kafa min doka. Kowane darasi, sai na zauna bayan an tashi na yi rabin awa ina fama da shi ni kaɗai, da biro da takarda. Idan na ƙare, ko na samu ko ban samu ba, sannan ya buɗe min littafinsa mu gwada. Da farko na tsani rabin awar nan. Kaina ya yi ta sarawa, in ji kamar ni ce daƙiƙiyar duniya, ga littafin can a jakarsa ina hango shi. Amma abin da na lura, duk wanda na sha wahalarsa kafin in ga amsa, ko da ban samu ba, da na gani yake zauna min daram. Wanda kuwa na leƙa tun farko, kwana biyu ya gudu.

Bayan mako uku na shigo aji da rake na yi musu bayani. Yara suka yi ta murna. Ladi kuwa ta riga ta koma layin baya. Ba ta sake ɗaga hannu a ajina ba har aka yi min canjin wurin aiki. Ban ba ta haƙuri ba, girman kai ya hana ni, ina ganin malami ba ya ba ɗalibi haƙuri. Yau ban san inda take ba. Na koyar da yara dubbai bayanta, amma in na rufe ido ita nake gani a durƙushe.

To ga abin da nake roƙonki. Idan aka ba ki aiki a ofis, kafin ki buɗe na'urar nan, ki ba kanki naki rabin awar. Ki zana a takarda yadda kike ganin za a yi, ki gwada rubutawa ko da ya fito a karkace. Sannan ki tambaye ta, ki gwada nata da naki. In nata ya fi, ki tsare ta da tambaya irin ta Ladi: me ya sa? Ita dai ba za ta sa ki durƙusa ba. Kuma kada ki miƙa wa shugabanki layi ko ɗaya wanda in ya ɗora yatsa a kai ya ce "wannan fa?" za ki rasa ta cewa. Wanda bai fahimci abin da ke hannunsa ba, ranar da aka tambaye shi, ko dai ya yi ƙarya ko ya huce a kan na ƙasa da shi. Ni na biyun na yi.

Za ki zaci wadda ta sha wannan darasi ba za ta sake ba. Na sake, kuma a kanki.

Lokacin kina firamare, babanki yana fita tun da asuba don ya riga cunkoson Madalla da Zuba, ba ya dawowa daga Abuja sai bayan magariba. Ni ga makaranta, ga girki, ga goyon ƙaninki, ga tulin littattafan da zan duba. Sai ki zo da aikin gida ki tsaya a ƙofar kicin, ki ce, "Mama, na kasa." Kina da wata irin fuska in abu ya gagare ki, leɓenki na ƙasa ya riƙa rawa. Ba na iya jure ganinta. Ina tuƙa tuwo ina ce miki, "Rubuta goma sha biyu. Na gaba, rubuta bakwai." Ki rubuta, ki yi murmushi, ki tafi wasa, ni ma hankalina ya kwanta. A makaranta ina hana yaran mutane amsa sai sun yi gumi, a gida ina zuba wa tawa a tafin hannu.

Littafinki na aikin gida duk goma bisa goma. Sai aka yi jarrabawar gwaji ta shiga sakandare, kika faɗi lissafi warwas. 'Yar malamar lissafi. Kika dawo kina kuka, kina cewa ke ba ki da ƙwaƙwalwa. Babanki ya ɗauki littafin aikin gidan ya ajiye kusa da takardar jarrabawar, ya daɗe yana kallonsu. Kin san shi ba mai yawan magana ba ne. Ya ce, "Rabi, wannan littafin ke kika ci shi. Wannan takardar ce tata."

Na yi fushi da shi kwana biyu, saboda gaskiya ya faɗa.

Shekarar nan muka sha fama ni da ke. Na daina ba ki amsa, kina kuka ina kau da kai, wani lokaci in shiga ɗaki in yi nawa. Kika ce na daina son ki. Allah ya taimake mu kika ci jarrabawar gaske. Amma akwai abin da na riga na dasa miki wanda bai fita duka ba: da abu ya cije, sai ki waiga ki nemi mai faɗa miki. Ranar da na ga hannunki ya tafi wurin na'urar nan kafin ma ki karanta abin da ke gabanki, na gane wannan waigen. A ƙofar kicin ɗina kika koye shi. Ki yafe min, Ummi. So ne, amma son da ya fi tausayin kansa, don ni ce ba na iya jure ganin leɓenki yana rawa.

Abin da ke ba ni tsoro da na'urar shi ne ta fi ni haƙuri. Ni nakan gaji, nakan yi tsawa, daga baya ma na tuba. Ita ba ta gajiya, ba ta cewa "je ki sake gwadawa," kuma babu wani babanki da zai ajiye mata takarda biyu a gaba. Ke ce za ki yi wa kanki wannan. Wannan ɗacin da kike ji idan abu ya ƙi, kanki ya yi zafi, ki ji kamar ki tashi ki bar wurin, kada ki ɗauka alamar daƙiƙanci ce. A daidai lokacin ne abu yake shiga. Na gani a fuskar yara shekara da shekaru: wanda ya ɓata rai yana cizon biro, shi ne gobe zai koya wa na kusa da shi.

Kuma na ga kin iya, shi ya sa nake da bakin magana. Washegarin ranar da kika rufe kwamfutar, kika ɗauko sabon littafi mai layi, kika zauna a tabarma. Layi ɗaya-ɗaya kike bi, kina rubuta da Hausa abin da kowanne yake yi. Inda kika kasa, ki tambayi na'urar ma'anarsa kawai, ki hana ta gyarawa. Ina jin ki kina magana ke kaɗai, "To kai kuma me ya kawo ka nan?" Kwana huɗu kika yi a abin da ta rubuta cikin mintoci. A rana ta huɗu kika ƙwala min kira har na ƙone da murfin tukunya. Kika nuna min wurin, kika ce dole kowane yaro ya sami lambarsa ta kansa wadda ba ya tarayya da kowa, kika yi min bayani har ni da ban san kod ba na gane.

Shugaban makaranta ya ce a aika wa iyayen sabon kati kawai, a ce matsalar kwamfuta ce. Ke kika ce a'a, za ki kai da kanki. Muka hau mota zuwa Madalla, muka sami Malam Musa a bakin titi yana haɗa ƙofar ƙarfe. Ya ɗaga gilashin fuskarsa, ya karɓi katin, ya duba, ya sake dubawa.

Ya ce, "Ikon Allah. Ashe kwamfuta ma tana kuskure?"

Kika ce, "Baba, ba ita ba ce. Ni ce na karɓi aiki ban duba ba. Ka yi haƙuri, ka ba Aisha haƙuri."

Ya ce, "Ni ma na kusa yanke hukunci ban duba ba. Allah ya yi miki albarka, 'yata."

A motar dawowa ina kallon Dutsen Zuma ta taga don kada ki ga idona. Abin da na kasa yi wa Ladi ina da shekarunki, ke kin yi shi a bakin titi gaban mutane. Ranar da aka yi miki tafi a ofishin malamai na yi alfahari, amma bai kai rabin na ran nan ba. Ban faɗa miki ba. Yau na faɗa.

Sai dai a makon nan na yi miki wata magana da nake so in janye. Na ce ki goge na'urar nan daga kwamfutarki gaba ɗaya, shaiɗaniya ce. Kika yi dariya kika ce, "Mama, ai ko a intabiyu sai sun tambaya ko na iya aiki da ita." Ke ce da gaskiya. Tsoro ne ya yi magana da bakina, kuma na san inda irin wannan tsoron yake kai mutum. Lokacin da aka fara kawo kwamfuta makarantu, aka ce malamai su je horo, ni na ƙi. Na ce alli ya ishe ni, lissafi a ka yake. A raina kuwa tsoro nake kada yaran malamai su ga babbar malama tana laluben haruffa da yatsa ɗaya. Shekaru suka wuce, waɗanda na koya wa riƙe alli suka zama su ake kira in an zo da sabon abu, ni kuma ina bin su a ɓoye ina cewa, "Don Allah ɗan shigar min da wannan, idona ne ke ciwo." Idona lafiyarsa ƙalau. Har yau da yatsa ɗaya nake bugawa.

Don haka kada ki gudu daga gare ta. Abokan aikinki za su yi amfani da ita, za su yi sauri, ke ma ki yi. Aikin da kin riga kin iya shi har ya gundure ki, ba ta ta yi, ki duba bayanta kamar yadda nake duba littafin ɗalibi mai wayo amma mai gaggawa. Wanda ba ki iya ba tukuna, shi ne za ki riƙe wa kanki. Kuma ki tuna ita ba ta taɓa shiga ajinmu ba. Ba ta san a garin nan za ki kira Aisha Musa mutum uku su waiwayo ba. Ke kika sani. Kin ce kamfaninku manhajar asibitoci yake yi. Tun da kika faɗa nake tunanin mata biyu masu suna ɗaya a layin karɓar magani. Kati ana sake bugawa, Ummi. Wani abin ba a sakewa.

Na san za a matsa miki da sauri. Za ki ga wanda kuka shiga tare ya gama uku kina kan ɗaya, zuciyarki ta ce ki kwashe ki liƙa kawai kada a raina ki. In an kai nan, ki je wurin shugabanki ki ce, "Zan iya kawowa yau ban fahimta ba, ko in kawo gobe na fahimta." Mai hankali zai zaɓi gobe, ko ya zauna ya nuna miki. In ya zaɓi yau, kin dai sauke nauyi, sai ki koma ki fahimta daga baya, kada ki bar shi ya wuce.

Kuma ki nemi Mista Bitrus ɗinki. Kowane wurin aiki akwai shi: wani ko wata da suka daɗe, ba su cika surutu ba, in abu ya lalace su ake nema. Ko wane yare ne, ko wane addini, ki gaishe su, ki kai musu aikinki su yage shi. Na lura tambayar na'ura ta fi miki sauƙi saboda ba ta ganin fuskarki, ba za ta je ta faɗa wa kowa ba ki sani ba. Amma wanda bai taɓa ganin inda kike tuntuɓe ba, ba zai san abin da zai koya miki ba, ba kuma zai san ranar da kika girma ba. Ni da bangon ajina ya kai rufi, da har yau ina kwafar littafin wani. Ki ce "ban gane ba" da ƙarfi tun kina sabuwa, lokacin da kowa ke sa ran jin haka daga bakinki. In kika bari shekara biyar ta wuce, kalmar tana yin nauyi, sai ki koma cewa idonki ne ke ciwo.

Takarda ta kusa ƙarewa, ga yaran maƙwabta sun fara sallama za a yi musu darasi. Babanki zai raka ki tasha. Ni na ce ina da aji da safe, kuma gaskiya ne ina da shi, amma ko babu ba zan je ba, don ban yarda da idona ba a gaban mutane.

Allah ya kiyaye hanya, ya tsare ki daga sharrin mutum da na ƙarfe. Allah ya ba ki shugabanni masu adalci da maƙwabta masu amana, ya buɗa miki ƙirji, ya sa hannunki ya zama sanadin sauƙi ga marasa lafiyar da ba za ki taɓa gani ba. In ya yi daɗi, ki gode masa. In ya yi nauyi har kin kasa, Suleja ba ta ƙaura ba, ki hau mota ki dawo, babu mai tambayarki dalili.

Abu na ƙarshe. Idan kin natsu ki rubuto min amsa. Na san na'urar ta iya wasiƙa, na ga wadda ta tsara wa ƙaninki, har da karin magana. Kada ki ba ta tawa. Ko layi uku ne, ko da kurakurai, ko ba ki san ta inda za ki fara ba, naki nake so. Ba zan karanta da jan biro ba.

Wassalam.

Mahaifiyarki,
Rabi